Ɗan Wane Ne? Nazari a Kan Labarin Gidajen Marayu na 'Yan Mishan

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Yakubu 1:27

Akwai wani irin labari da masu bi suke ƙauna ƙwarai, kai ma mai karatu ka taɓa jinsa, ko daga bakin mai wa'azi, ko a ɗan littafin da aka fassara mana, ko a majigin taron matasa, ko kuma a waya. Miji da mata ne a wata ƙasa mai arziki. Suna da aiki, suna da muhalli, sai suka ji kiran Ubangiji, suka sayar da abin da suka mallaka, suka haye teku zuwa wani birnin matalauta. A can suka tarar da yara suna kwana a tasha da ƙarƙashin gada. Suka ɗauki ɗaya, suka ƙara na biyu, kafin shekara goma sun gina gida mai ɗaukar yara ɗari. Labarin yakan ƙare da hoto: yara cikin tufafi iri ɗaya suna murmushi, Baba da Mama a tsakiyarsu.

Labarin da aka yawaita maimaitawa yakan zama ma'auni. A hankali sai mu ɗauka cewa ƙaunar maraya ita ce gina gidan marayu, wanda bai iya ginawa ba kuwa ba shi da rabo cikin aikin. Mu da muke zaune a Daddara da kewaye, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya da Magama ta shiga Ɗan Isa har Maraɗi, muna ganin yara a bakin titi kowace safiya. Saboda haka ya wajaba mu ɗora wannan labari a kan ma'aunin Maganar Allah da na abin da ya faru a tarihi, mu ga abin da za mu riƙe da abin da za mu gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya cancanci yabo

Tushen yawancin waɗannan labarai yana komawa ga Joj Mula, Bajamushe da ya zauna a birnin Biristol na Ingila. A 1836 shi da matarsa Maryamu suka buɗe ƙofar gidan hayarsu ga 'yan mata marayu talatin. Daga baya ya gina manyan gidaje biyar, kafin rasuwarsa a 1898 yara fiye da 10,000 sun bi ta hannunsa. An san shi da cewa bai roƙi mutum kuɗi ba, ga Allah kaɗai yake kai bukatarsa. A zamaninsa marayan talaka a Ingila ba shi da makoma sai titi ko gidan aikin wahala na gwamnati. Wanda ya raina aikin Mula bai san abin da ya tsamo yaran nan daga ciki ba.

Mu ma a ƙasarmu muna da irin wannan tarihi. Kal Kum da matarsa Lusi suna cikin waɗanda suka kafa mishan ɗin SUM a 1904. Lusi ta rasu a 1906, sai aka buɗe gida don tunawa da ita a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, a 1909, domin yaran da aka 'yanto daga hannun masu fataucin bayi. Waɗannan yara an kamo su daga nesa, wasu tun suna ƙanana har ba su iya faɗin sunan garinsu ba. Ba wanda zai ce a mai da su gida, gama ba a san gidan ba. An ciyar da su, an koya musu karatu da sana'a, wasunsu suka zama malamai da masu bishara. Daga baya aka mai da gidan Wukari, a tsakiyar shekarun 1920 kuma aka rufe shi, da yake cinikin bayi ya ja baya. Wannan rufewa ma abin yabo ce, domin gida ne da aka gina saboda wata bukata, da bukatar ta wuce ba a nemo wasu yara don a cike gadajen ba.

Kusa da mu kuma ga Babbar Ruga a gefen Katsina, inda 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da masu cutar kuturta a ƙarshen shekarun 1930, kamar yadda suka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Sun taɓa mutanen da kowa yake gudu. A irin waɗannan wurare akan raba jariri da uwarsa mai cutar a rene shi dabam, don tsoron kada ya kamu. Da kyakkyawar niyya aka yi, bisa ga sanin lokacin. Amma da magani ya samu, aka gane cewa wadda take shan magani ba ta yaɗa cutar, sai ya bayyana cewa rabuwar nan tsada ce mai nauyi da uwa da ɗa suka biya. Ka riƙe wannan a zuciya, domin nan ne tambayarmu take farawa.

Wadda ba ta cikin hoton

Ka sake duban hoton da labarin yake ƙarewa da shi. Akwai yara, akwai miji da mata da suka zo daga nesa, akwai gini. Wadda ba ta ciki ita ce uwar da ta haifi yaron. Labarin yakan gama da ita da kalma ɗaya, wai an yasar da yaron, daga nan ba a sake ambatonta. Ba a faɗa mana ko tana da rai ba, ko bashi ne ya ci ta, ko ciwo, ko mijinta ne ya mutu. Wannan shi ne babban aibin labarin, domin yana farawa daga ranar da baƙo ya ga yaron, alhali yaron yana da tarihi tun kafin ranar.

Abu biyu da suka faru a zamaninmu sun nuna inda wannan mantuwa take kaiwa. A watan Oktoba na 2007 hukumomin Cadi suka tsare wasu Faransawa na wata ƙungiyar agaji a garin Abeshe, suna shirin ɗaukar yara 103 a jirgin sama zuwa Faransa, da sunan marayun yaƙin Darfur. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawansu 'yan Cadi ne, suna kuma da iyaye ko dangi da suke zaune tare da su. A watan Janairu na 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, aka tsare Amurkawa goma 'yan wata ikkilisiya a kan iyaka, da yara 33 a mota, za su ƙetare da su zuwa ƙasar da take maƙwabtaka ba tare da takardun hukuma ba. Nan ma mafi yawan yaran suna da iyaye a raye. Iyayen da kansu suka miƙa su, domin gidajensu sun rushe, an kuma yi musu alkawarin makaranta da abinci. Ka lura, mai karatu, ba mutuwa ce ta raba waɗannan yara da iyayensu ba. Talauci ne, talauci kuwa yana da magani wanda bai kai raba uwa da ɗa ba.

Akwai dalilin da ya sa abin yake maimaituwa. Mai bayarwa a ƙasar waje yana son ya ga inda kuɗinsa ya tafi. Gini yana shiga hoto, gado ashirin a jere suna shiga hoto, amma jarin da aka ba gwauruwa ta soya ƙosai ta riƙe 'ya'yanta a ɗakinta ba ya ɗaukar ido. Saboda haka kuɗi yakan bi gado, gado kuma ya nemi yaro. Uwar da ta rasa abin sa wa tukunya, idan ta ji akwai gidan da ake cin abinci sau uku ana zuwa makaranta kyauta, ƙaunarta ce za ta sa ta ce ɗanta maraya ne. Ba sai mai gidan ya zama mugu ba kafin wannan ya faru.

Sai kuma abin da zaman gidan yake yi wa yaro. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga yara fiye da 100,000 a gidajen reno na gwamnati. A shekarar 2000 masana suka fara bin yara 136 a birnin Bukares. Aka mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, sauran suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka shiga iyali sun fi sauran girma da kaifin fahimta da iya sabawa da mutane, musamman waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga kowace uwa a cikinmu. Jariri yana bukatar fuska ɗaya da zai sani, wadda take zuwa duk lokacin da ya yi kuka, ma'aikaciyar da take canjin aiki da wata kuwa, kome kirkinta, ba za ta zama wannan fuska ba. Magadan Mula da kansu sun gane haka: a 1958 suka sayar da manyan gidajen nan, suka koma renon yara kaɗan kaɗan a ƙananan gidaje masu kama da iyali. A ƙarshen 2019 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su ƙarfafa iyali su rage dogara ga gidajen reno.

Yaran hanyarmu

Yanzu mu dawo gida. Labarin da aka kawo mana yana kiran duk yaron da yake kan titi yasasshe. Kai da ka san wannan yanki ka san ba haka ba ne.

Akwai almajiri. Yana da uba da ya kawo shi, yana da malami da aka damƙa wa amanarsa, yana da garin da yake komawa. Ko da yunwa ta kama shi, ko da ƙafarsa ta tsage, ɗan wani ne. Mai bi zai ba shi tuwo, ya ba shi ruwa, ya wanke masa gyambo, ya biya shi hakkinsa cikakke idan ya yi masa aiki, ba tare da ya ɗora masa wani sharaɗi ba. Amma ya ɗauke shi ya ajiye ba da sanin iyayensa ba, wannan cin amanar maƙwabtaka ne, laifi ne a gaban hukuma, ba kuwa hanyar Almasihu ba ce. Bisharar da aka saya da kwanon abinci daga yaro mai jin yunwa ba ta girmama Ubangijin bisharar.

Akwai 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana. Yawancinsu suna tare da uwa ko kaka, a ɗakin aro ko kangon wani. Wasu iyalai sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, inda dubban 'yan Nijeriya suka nemi mafaka tun daga 2019. Akwai kuma 'ya'yan waɗanda rufe iyaka ya karya. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ɗan dako da direba da mai sayar da abinci a tasha duk suka rasa abin yi, yaran da suke makaranta suka koma talla da bara. A ƙetaren iyaka ma haka abin yake. A Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, da yawa daga yankin Kance na Damagaram. Ba yasassu ba ne. Tare da iyayensu mata suka mutu, a kan hanyar neman abinci.

Bayan waɗannan duka akwai yaron da gaske ba a san nasa ba: jaririn da aka tsinta, ko wanda hari ya hallaka gidansu kaf. Shi yana bukatar wurin kwana a daren nan, gidan reno mai tsabta da rajista kuwa alheri ne a gare shi, muddin zango ne a kan hanyarsa ta zuwa wani iyali.

Ko a nan ma akwai darasi mai zafi daga Kano. Farfesa Solomon Tarfa da matarsa sun buɗe gidan yara mai suna Du Merci a 1996. A ranar Kirsimeti ta 2019 jami'an tsaro suka shiga gidan, cikin 'yan kwanaki aka kwashe yara 27 daga Kano da Kaduna, aka kai su gidan yara na gwamnati da yake Nassarawa. Babbar Kotun Jihar Kano ta wanke shi daga zargin satar yara a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta wanke shi daga zargin takardar jabu a 2023. Duk da haka wasu daga cikin yaran sun shafe shekaru ba su koma hannun waɗanda suka rene su ba. Kotu ta riga ta yi magana a kan mutumin, ba mu da abin ƙarawa. Abin da ya rage mana shi ne mu ga cewa a ƙasa irin tamu, inda zato yake saurin shiga tsakanin addinai biyu, yara da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya suna iya rasa gidansu a yini ɗaya, su ne kuma suke ɗaukar mafi nauyin wahalar.

Abin da Nassi yake yi da maraya

Ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka bi sawun maraya, za ka tarar da wuya a ambace shi shi kaɗai. Kusan kullum gwauruwa tana gefensa. Haka yake a Shari'ar Musa, inda aka umarci manomi ya bar kalar gonarsa domin baƙo da maraya da gwauruwa, aka kuma keɓe musu zakar shekara ta uku. Haka yake a Yakubu 1:27, inda ziyartar marayu da gwauraye cikin wahalarsu ta zama alamar addini mai tsarki. Nassi ya haɗa su domin a ɗaki ɗaya suke, wahalarsu ɗaya ce. Labarin da muke nazari ya raba abin da Nassi ya haɗa, ya ɗauki yaron ya bar uwar da tukunyarta.

Dubi matar annabin nan a 2 Sarakuna 4. Mijinta ya mutu da bashi, mai bin bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha yana da ƙungiyar annabawa a ƙarƙashinsa, da ya so da ya karɓi yaran ya rene su a can. Maimakon haka ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai a kwalba. Ya aike ta ta aro tuluna wurin maƙwabta, man ya yi ta zuba har suka cika, ya ce ta sayar ta biya bashin, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Mu'ujizar ta faru a cikin ɗakinta, da hannunta da na 'ya'yanta, da tulunan maƙwabta. Da aka gama, iyalin yana nan yadda yake.

Ko 'yar Fir'auna, wadda ita ce baƙuwa mai arziki da ta tsinci jariri a bakin kogi, Allah ya shirya ta yadda uwar Musa ce ta shayar da shi, har ana biyanta lada. Esta ta tashi a gidan Mordekai, ɗan'uwan mahaifinta ne ya haife shi. Dawuda ya mayar wa Mefiboshet gonakin kakansa. Iliya a Zarefat da Ubangijinmu a Nayin, dukansu biyu da suka ta da yaro daga mutuwa, hannun uwarsa suka mai da shi. A kan gicciye ma Yesu ya haɗa mahaifiyarsa da almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa. Zabura ta 68 ta kira Allah uban marayu, nan take kuma ta nuna yadda yake yin ubancin, wato yana sa wanda ba shi da kowa cikin iyali. Mu kanmu haka aka yi mana, gama Manzo Bulus ya koya wa Galatiyawa cewa an karɓe mu a matsayin 'ya'ya masu gādo.

Abin da ya rage a hannunmu

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, yana kuma da al'adar riƙo tun kafin a san gidan marayu. Gwaggo takan ɗauki 'yar ƙaninta, kawu yakan ɗauki ɗan 'yar'uwarsa. Kada mu yi wa wannan al'ada kwalliyar da ba ta da ita. Mun san 'yar riƙon da ta zama baiwar gida, ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida suna makaranta tana talla. Mun san dangin da suka cinye gonar maraya. Waɗannan zunubai ne, ikkilisiya kuwa tana da bakin da za ta tsawata musu, tana da ƙafar da za ta kai ziyara. Abin da al'adar take bukata shi ne idon dattawa da tsoron Allah.

Ikkilisiya ƙarama wadda ba za ta iya gina ko ɗaki ɗaya ba tana iya yin abubuwa da yawa. Dattawa su san kowace gwauruwa da kowane maraya da sunansa, kamar yadda ikkilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai don kada a manta da gwauraye a rabon abinci. Zumuntar Mata ta haɗa jari. Matasa su nome gonar gwauruwa da damina. A biya kuɗin makaranta da na magani kai tsaye. Iyalin da ya karɓi ɗan riƙo a taimake shi, a kuma riƙa leƙa shi. Idan an tsinci yaro, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a tun a ranar, a nemi danginsa da gaske, ko da neman zai kai mutum ƙetaren iyaka. Alherin nan kuma ya kai ga maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba, gama yunwa ba ta tambayar inda mutum yake sujada.

Idan kuma wani ya zo maka da hoton gidan marayu yana neman taimako, daga waje ya zo ko daga cikinmu, kada ka rufe hannunka, amma ka yi tambaya. Yara nawa ne a cikinsu suke da uwa ko uba a raye? Wa yake neman danginsu? Nawa aka mayar gida bara? Hukuma ta san da gidan? Yaron da ya kai shekara goma sha takwas, ina zai nufa, wa zai nema masa aure, a wace gona yake da gādo? Mai aikin gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin shi ma su ne suke hana shi barci.

Miji da matar da suka bar ƙasarsu saboda yaran da ba su haifa ba sun nuna mana ƙauna mai sadaukarwa, a wannan kam su malamanmu ne. Amma kiran bai tsaya a kansu ba, bai kuma jira sai an sami gini ba. Gobe da safe za ka ga yaro a bakin hanya. Ka tambaye shi sunansa, ka tambaye shi ɗan wane ne, sa'an nan ka bi amsar har ƙofar gidan.

Addu'a

Ya Uba, kai da ka karɓe mu cikin iyalinka ta wurin Ɗanka, ka buɗe idanunmu mu ga maraya tare da uwarsa. Ka sa wa masu renon yaran da ba su da kowa albarka, ka ba su hikima da gaskiya. Ka mai da waɗanda aka kora garuruwansu lafiya, ka sa gidajenmu su zama masu faɗi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.